Hannun Bodil a Madubi

Litinin, 10 ga Maris, da hantsi

Na je tsohon ɗakin shanun abokina Aksel, inda rabin garin nan ke ajiye kayansu lokacin sanyi, na duba Ƙwai. Ɗakin kwananmu ke nan mai taya biyu, wanda muke ɗaurawa a bayan mota mu tafi bakin ruwa. Fari ne, mulmulalle, jikinsa duk faiba, robar nan mai zaren gilas. 'Yarmu Gitte ce ta raɗa masa sunan tun tana firamare, ya kuwa bi shi.

Tsagar da ke kusurwar baya ta hagu tana nan yadda na bar ta a Oktoba, ta ɗan ƙara buɗe baki. Wannan na san da ita. Ciki ne ban sani ba. Ina buɗe ƙofa wari ya tare ni. Katakon ƙasa, daidai gaban wurin wanke-wanke, ya jiƙe sharkaf, na taka ƙafata ta nutse kamar a cikin burodi. Bututun ruwa ya fashe. Famfunan duka biyu a rufe suke.

Kafin a ajiye ɗaki irin wannan ana tsiyaye ruwan tas, a bar famfo a buɗe, in ba haka ba ya daskare ya fasa bututu. Aikin matata Bodil ne tun ranar da muka saye shi. Ni taya da birki da tuƙi, ita ruwa da gas da labule.

Aksel ya leƙo ya toshe hanci. "Kai, Preben! Wane gwani ne ya bar famfo a rufe?"

Na ce ni ne.

"Kai? Kai da ko inda tankin yake ba ka sani ba?"

Na sunkuya ina duban katakon. Ya dube ni, ya dubi famfon, ya ce in zo mu sha kofi.

Talata, 11 ga Maris, da rana

Jytte mai kula da sansanin bakin ruwa ta bugo waya. Dokar tana nan yadda take: Asabar ta ƙarshen wata da tsakar rana za a ɗaga tuta a buɗe shekara, wanda ɗakinsa ba ya tsaye a filinsa a lokacin, fili ya koma hannun na gaba. Namu shi ne na ƙarshe, wanda ke kallon ruwa, kuma masu jiransa sun fi yawa. Ta ce ta ji abin da ya faru a Janairu, da aka kai Bodil gidan kula da tsofaffi, in muna so mu saki filin ba wanda zai ga laifinmu.

Na ce muna zuwa.

Ta ce, "Ku biyu?"

Na ce mu biyu mana, da can mu nawa ne.

Laraba, 12 ga Maris, da la'asar

Na je wurin Bodil, gidan kula da tsofaffi na bayan coci. Sun sa mata rigar sanyi wadda ba tata ba. Ta ci abinci sosai. Ta tambaya yaushe za a tafi bakin ruwa, na ce ƙarshen wata. Kafin in fito ta sake tambaya, na sake faɗa.

Alhamis, 13 ga Maris, da yamma

Na ɓamɓare ruɓaɓɓen katakon. Ya fi yadda na zata faɗi, ya shige har ƙarƙashin benci. Gadon ƙarfen da ɗakin ke zaune a kai bai yi tsatsa ba, madalla. Na cire tsohon bututun, ya tsage a wuri biyu.

A cikin ƙaramin firij na tarar da takalman Bodil na zaman gida, an jera su tsaf a kan shiryayye ta sama. Na sa su a jaka.

Juma'a, 14 ga Maris

Sanyi. Ban je ko'ina ba.

Asabar, 15 ga Maris, da rana

Gitte ta zo daga birnin Aarhus da miya a cikin roba, kamar ba ni da tukunya. Ta same ni wurin Aksel ina yanka sabon katako. Ta tsaya da farin takalminta a bakin ƙofa, ta ce wani abokin aikinta yana neman irin Ƙwai, ko a haka zai ɗauka.

Na ce ba na sayarwa ba ne.

"Baba, don Allah. Wa za ka kai can?"

"Uwarki."

"Baba, Mama fa ba ta ma..."

Na kunna zarto. Zarton nan ƙararsa ba kaɗan ba. Da na kashe ta riga ta fita waje tana magana da karen Aksel.

Da za ta tafi ta ce to in dole sai an je, wa zai tsaya mini a baya in zan yi ribas? Tambaya ce mai kyau, ban ji daɗinta ba. Filinmu mashigarsa ƙunci gare ta, shingen itatuwa a dama, turken wutar lantarki a hagu, ga gangare zuwa ruwa. Ba a tura ɗaki da hannu a wurin, zai ƙwace ya tafi wanka. Sai da mota, sai kuma da mai tsayawa a baya.

Miyar ba laifi. Gishiri ya yi kaɗan.

Litinin, 17 ga Maris, da yamma

Katakon ƙasa ya zauna. Na koma kan kusurwa. Na goge gefen tsagar da samfefa har faibar ta fito fili, ƙura ta cika mini gira, hannuwana sai ƙaiƙayi. Na yanka ƙyallen zaren gilas, na dama gam, na shimfiɗa daga ciki, falle kan falle, ina danna iskar da buroshi.

Ina gogewa na ga fentin ginshiƙin Aksel, kore, har yanzu yana manne a cikin tsagar.

Yadda muke yi tun asali shi ne: ni ba na waiwaye. Idona na kan madubi, a madubin kuma hannun Bodil kawai nake kallo. In ta nuna dama, gindin ɗaki ya yi dama. In ta haɗa tafuka biyu tana matso da su, sauran wuri ke nan. In ta dunƙule hannu, in taka birki. Ba ta magana, ni ma ba na yi. Ma'aurata nawa muka ga sun kusa rabuwa a ƙofar sansani, miji na ihu ta taga, mata na zaginsa daga baya. Mu sau ɗaya muke shiga, mutane su riƙa kallo da kofi a hannu.

A Oktoba, a nan wurin Aksel, hannunta na cewa taho, taho. Na taho. Na ji ƙara, kusurwar ta daki ginshiƙi. Na fito na same ta tana kallon tattabarun da ke saman rufi, hannun kuma bai daina cewa taho ba.

Na gaya wa Aksel ƙafata ce ta zame daga kan kuloci.

Talata, 18 ga Maris, da safe

Gam bai bushe ba.

Laraba, 19 ga Maris, da la'asar

Gam bai bushe ba. Na taɓa, ya biyo yatsana kamar zuma. Aksel ya ce, "Tsoho, a wannan sanyin ko kai aka shafa wa bango ba za ka bushe ba." Gaskiyarsa, na sani kuma, garaje na yi. Na kankare duka na zubar. Ya ara mini injin ɗumama ɗaki na 'yan marukansa na da, muka kewaye kusurwar da tamfol.

Na kai wa Bodil takalman. Ta juya su ta ce masu kyau ne, na wa ne? Ta ci abinci sosai. Da na tashi tafiya ta miƙo mini hannu muka gaisa, ta ce ta gode da ziyara.

Yaushe za a tafi bakin ruwa? Ƙarshen wata.

Alhamis, 20 ga Maris, da yamma

Na sake shimfiɗawa. Cikin tamfol ɗin zafi kamar gidan burodi, warin gam har cikin ƙwaƙwalwa. Na zauna kan bokiti ina gadin sa, na ci burodin hatsi da kifin gwangwani. Kafin magariba ya fara ƙarfi.

Juma'a, 21 ga Maris

Ya bushe. Na ƙwanƙwasa da yatsa, ya amsa.

Asabar, 22 ga Maris, da rana

Na cire tayoyi, na wanke boris na sa sabon giris. Birkin hagu ya ɗan kama, na sassauta shi. Tayoyin sun tsufa amma za su kai mu. Fitilar baya ɗaya ba ta kamawa, ashe datti ne a soket.

Sai muka gwada ribas a tsakar gidan Aksel. Ya kafa bokitai biyu, wai su ne shinge da turke, ya tsaya a baya.

"Hagu! Hagu na ce! A'a, haguna, ba hagunka ba! Kai jama'a, tsaya, tsaya!"

Na take bokitin farko. Muka sake. Ya riƙa kaɗa hannuwa kamar mai korar kaji, sannan ya ɓace daga madubi gaba ɗaya, sai muryarsa. Na take na biyu. Ƙwai ya lanƙwashe har ya kusa sumbatar motar.

Ya zo taga yana haki. "Shekara nawa kana jan abin nan?"

Na ce tun kafin gashinsa ya zube.

"To ashe ba kai ke tuƙawa ba, ita ce. Kai dai riƙon sitiyari kake."

Yana faɗa ya shiga neman tabarsa a aljihun da ba ta ciki. Ya ce akwai wani inji da ake ɗaura wa tayoyi, mutum ya tsaya gefe yana danna maɓalli kamar mai canja tasha, ɗaki ya shige da kansa. Na ce ranar da na koma danna maɓalli ya sa a binne ni.

Lahadi, 23 ga Maris

Ban je coci ba. Ban je bayan coci ba.

Litinin, 24 ga Maris, da la'asar

Na je. Tana zaune gaban taga, an gyara mata gashi ba yadda take yi ba. Na ba ta labarin bokitan Aksel, ta yi dariya sosai, irin tata ta da, har da dukan cinya. Sai ta ce mijinta ma yana da irin wannan ɗakin.

Na ce haba.

Ta ce ƙwarai, fari.

Kewarta nake ji, ga ta kuma zaune a gabana. Na rubuta ne don haka abin yake.

Ta ci abinci sosai.

Talata, 25 ga Maris, da yamma

Na cike saman kusurwar, na goge, na sake cikewa, na sake gogewa. Farin fentin da na samu ya fi na jikin Ƙwai haske, shi ya riga ya koma kalar haƙorin tsoho. Daga nesa ba a gani. Daga kusa oho.

Na sa sabon bututu. Sai da na nemi tankin, yana ƙarƙashin bencin dama. Na cika, na buɗe famfo, ya yi tari ya yi tari sannan ruwa ya zo. Ban ga yoyo ba.

Laraba, 26 ga Maris, da safe

Mai kula da Bodil ta ce za su ba ni ita ranar Asabar, daga safe zuwa la'asar, in Gitte na tare da mu. Kwana kam a'a. Na ce da ma ban ce kwana ba, amma ƙarya nake. Na ce.

Alhamis, 27 ga Maris

Na wanke labulen. Sun motse. Ashe ba da ruwan zafi ake yi ba.

Juma'a, 28 ga Maris, da yamma

Gitte ta iso. Mun gwada da bokitai. Ta fi Aksel, aƙalla tana tsayawa inda madubi ke ganinta, amma sai ta nuna dama ta fasa ta nuna hagu. Na kasa haƙuri na waiwaya, da na waiwaya komai ya rikice. Sau ɗaya muka shiga ba mu take komai ba.

Ta ce, "In gobe ya ƙi fa?"

Na ce sai Jytte ta ba wasu filin.

"Kuma shi ke nan?"

Na ce shi ke nan mana. Na ɗaura Ƙwai a ƙugiyar mota, na gwada fitilu, na ɗaga ƙafafunsa huɗu na tokarewa. Na zuba dankali da kofi da man shanu a akwatin gaba, nauyin ya zauna daidai.

Asabar, 29 ga Maris, da yamma

Mun ɗauko Bodil da safe. Ta fito da jakarta, ta ga Ƙwai a bakin titi, ta tsaya. Na jira. Ta ce labulen sun yi gajere. Ta shiga bayan mota ta zauna kusa da Gitte.

Hanya lafiya. Iska ta ɗan kaɗa mu a kan gada, na rage gudu, manyan motoci suka yi ta wuce mu. Ba wanda ya yi magana sai Bodil, ta tambaya ina za mu.

Mun isa saura kaɗan tsakar rana. Kowa ya riga ya kafa nasa, ana gasa tsiran alade a gindin sandar tuta, hayaƙi ya cika wuri. Jytte ta ɗaga mana hannu, ta nuna agogonta. Na ga wasu miji da mata da sabon ɗaki ƙato a gefen hanya, ba su kwance shi daga mota ba. Ba sai an gaya mini abin da suke jira ba.

Gitte ta zaunar da uwarta a kan benci ta koma baya. Na farko, na nufi shinge. Na ja gaba. Na biyu, Ƙwai ya lanƙwashe, wani ya yi ihu. Na ja gaba. Mutane suka fara matsowa da kofi a hannu, kowa da shawararsa, wani na cewa in karya sitiyari, wani na cewa in sake shi. Rigata ta jiƙe da gumi.

Na sa ribas karo na uku, na dubi madubi, ban ga Gitte ba. Bodil na gani. Ta ture 'yar tata gefe da gwiwar hannu, ta ajiye jaka a ƙasa, ta tsaya daidai inda take tsayawa. Ta ɗaga hannu.

Gitte ta rugo taga. "Baba, kar ka soma. Ka tuna Oktoba. Ga turke, ga ruwa a bayanta."

Ashe ta sani. Ban san wa ya gaya mata ba.

Na ji tsoro, ba ƙarami ba. Hannun na cewa taho. Na ce wa Gitte ta je ta tsaya kusa da uwarta, kada ta taɓa ta. Na saki kuloci a hankali.

Ta nuna hagu. Hagu turke ne. Duk jikina na ce mini dama, wuyana har ciwo yake don son waiwaye. Na bi hagu. Ta ƙara nuna hagu. Na ga turken ya shigo madubi, ya cika shi, sabon farin fentin na matsarsa. Sai ta juya hannu dama, kaɗan, ta miƙe shi. Na miƙe. Turken ya zame ya wuce. Ta haɗa tafuka biyu tana matso da su, tana matsowa, idonta a kan taya, ba a kan tsuntsaye ba. Ta dunƙule hannu.

Na taka birki.

Wani tsoho ya fara tafi. Na ja birkin hannu, na zauna a cikin mota ban fito ba. Can na ji sun fara waƙar ɗaga tuta.

Bodil ta ɗauki jakarta ta zagayo ta tsaya a tagata. Ta sunkuyo ta dube ni da kyau.

"Sannu da aiki, bawan Allah. Ka iya. Ko sau ɗaya ba ka waiwaya ba."

Na ce na gode.

"Wa ya koya maka?"

Na ce matata.

"Ta iya koyarwa. In ka koma ka gaishe ta."

Na ce za ta ji.

Gitte ta shige cikin Ƙwai ta rufe ƙofa, ta daɗe ba ta fito ba. Na sa wa tayoyi waigi, na sauke ƙafafun huɗu, na kwance mota. Tsakanin kusurwar da turken bai fi faɗin tafin hannu ba, haka yake kowace shekara. Na fito da kujeru biyu na kafa suna kallon ruwa. Bodil ta zauna a ta hagu, tata. Ta ci tsire biyu.

Mun mayar da ita da la'asar. A ƙofa ta tambaya yaushe za a tafi bakin ruwa. Na ce Asabar mai zuwa.

Lahadi, 30 ga Maris, da safe

Na kwana a Ƙwai. An yi ruwa. Kusurwar ba ta yoyo. Na bar kujerun a waje, duka biyun sun jiƙe.